Shingen Baba Gidiyon

Baba Gidiyon mutumin Pankshin ne, amma ya fi shekara talatin a Kano. Ya fara aiki a masaƙa a Bompai, da aka rufe ta ya koma wajen jimar fata a Challawa, wari ya koro shi, daga ƙarshe ya samu gadi a wani kamfanin silifa a Sharada. Ni a ƙofar kamfanin nake sayar da shinkafa da wake, don haka da idona na ga komai.

Wata damina katangar baya ta faɗi. Mai kamfanin, Alhaji Dalhatu, wanda ko ƙusa ya saya sai ya yi zazzaɓi, ya ce a bari sai rani. Ɓarayi ba su jira rani ba. Suka kwashe silifa buhu biyu, duk na ƙafar hagu. Alhaji ya ce in aka sake, Baba ya haɗa kayansa. Baba kuwa ɗakin gadin nan shi ne gidansa, shi da matarsa Dabora.

Da ya je gida Kirsimeti sai ya dawo da murtsunguwa gaɓa bakwai a kwali, irin mai faɗi kamar tafin hannu, mai hawa gaɓa kan gaɓa. Ya ce a wajensu da ita ake shinge. Ya shanya su kwana uku, ya cusa gindinsu a ƙasa inda katangar ta faɗi, ya hana kowa ba su ruwa. Muka yi ta dariya. Cikin shekara uku ta fi mutum tsayi, ko akuya sai ta tsaya daga nesa ta yi nazari. Leburori suka riƙa shan jajayen 'ya'yanta, su yini suna tsince ƙaya a leɓe. Sata ta tsaya cak.

Sai Alhaji ya zo zagaye, ya daɗe yana kallon shingen.

"Gidiyon, wannan abin yana cin abinci?"

"Ba ya ci, ranka ya daɗe."

"Yana gyangyaɗi? Yana zuwa Kirsimeti?"

"Ba ya yi, ranka ya daɗe."

"To kai me zan yi da kai? Kafin damina ta ƙare ka nemi wani wuri."

Wallahi raina ya ɓaci, ranar ko gishiri na manta. Washegari Baba ya ɗauki adda ya hau shingen da sara, gaɓoɓi na tashi sama suna warwatsuwa a filin kamfanin. Muka ce baƙin ciki ya taɓa tsoho.

Ashe kowace gaɓa in ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa. Ruwa na sauka ta fito a bakin sito, ta fito gefen janareta, ta fito daidai inda Alhaji ke ajiye mota. Alhaji ya turo leburori da adduna, suka sassare ta, ta ninka. Suka zuba fetur, ta yi hayaƙi kaɗan ta ci gaba da harkarta. Ranar da ƙaya ta kama babbar rigarsa a gaban baƙi, Alhaji ya kira Baba.

"Kai ka san halinta. Ka fitar min da ita tas, sannan ka tafi."

Shekara huɗu ke nan. Kullum da safe Baba na haƙe ta da saiwarta, ya cika baro, ya tura waje. Baron nan kuwa yana da tangaɗi, ba ya isa ƙofa bai zubar da biyu ko uku ba.

Jiya ya zo cin abinci na ce, "Baba, yaushe aikin nan zai ƙare?"

Ya dubi ɗakin gadi, inda Dabora ke zaune tana shafa man zafi a gwiwa.

"Ma'u, gidanmu a kan dutse yake," in ji shi. "Ƙafarta ba za ta iya hawa ba kuma."

Ya tura wata gaɓa da takalmi zuwa inda na zubar da ruwan wanke-wanke, ya ɗan taka ta a hankali.