Sanin Badaru, Muryar Maikano

A ƙauyukan da ke kewaye da Badaguishiri babu wanda ya san dajin kiwo kamar Badaru. Dajin ba na kowa ba ne, kuma na kowa ne: nan ake kiwo, nan ake itace. Mahaifinsa mai haƙar rijiya ne, shi ma ya gaji sana'ar, ya san ƙasar daga sama har ƙasa. Yana iya nuna maka inda shanun kakanni suka bi, da yadda gawo ke zubar da ganye da damina ya yi tsanwa da rani, da duwatsun da ke ɗauke da zanen katantanwa, alamar ruwa ya taɓa rufe wurin. Duk wannan ya sha faɗa wa maƙwabcinsa Maikano, mai ɗinkin tabarma, wanda aikinsa na zaune ne kuma kunnensa a buɗe.

A 1986 wani ma'aikacin rediyo mai suna Alkasum ya zo daga Tawa da rakoda, yana haɗa shiri a kan dajin jama'a. Mai gari ya kai shi gidan Badaru.

Al'adarmu ita ce babba ba ya karɓar yabo a tambayar farko. Sai ya noƙe, a matsa masa, ya sake noƙewa, a na uku ya buɗe baki.

"Ni mi na sani, ɗana?" in ji Badaru, yana gyara zama. "Ko Maikano ya fi ni."

Alkasum yana da ƙauyuka shida a gabansa da batir mai rauni. Ya yi godiya, ya tsallaka zuwa gidan Maikano. Shi kuwa Maikano bai noƙe ba ko sau ɗaya.

An sa shirin ranar kasuwa bayan la'asar. Daga rumfar mahauta har tasha muryar Maikano ke bayanin katantanwar dutse. Direbobin motocin siminti suka kai labarin Malbaza da Konni. Daga ranar ya zama Malam Maikano.

Badaru bai yi faɗa da kowa ba. Ya dai daina zama a kan tabarmar da Maikano ya ɗinka. Idan suka haɗu a masallaci sai ya ce, "Masanin daji, yaya ilimi?"

"Naka ne, Badaru, aro na yi."

"Aron ya daɗe."

Matarsa Tsahara ta gaya masa sau ɗaya: "Malam, kai ka nuna musu ƙofa tai da bakinka." Bai ci tuwonta ba ranar.

Shekara tara yana shiri. Ya haddace kowane kuskure na shirin: an ce zurfin wata rijiya, ta Tanimun, gaba goma sha biyu ne, alhali sha huɗu ce, shi ya haƙa ta.

A 1995 Alkasum ya dawo, ya yi furfura, batir ɗinsa sabo. Bai gama sallama ba Badaru ya ce, "Na sani. Kunna."

Ya cika kaset gaba da baya. Bayanin ya fi na farko nesa ba kusa ba, har da ciyayin da suka ɓace tun shekarun fari. Sai dai kowane batu da haka yake farawa: "Maikano ya ce muku kaza, to ba haka ba ne." Da aka sa shirin a rediyo, wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya ƙirga, sunan Maikano ya fito sau arba'in da ɗaya. Sunan Badaru sau ɗaya aka faɗa, a farkon shirin, lokacin mutane ba su gama taruwa ba.

Kashegari a kasuwa wani bafatake daga Illela ya tsayar da shi.

"Baba, kai ne ka yi magana jiya a rediyo?"

Badaru ya gyara rawani. "Ni ne."

"Madalla. Don Allah nuna min gidan Malam Maikano."

Ya nuna masa. Daman ya saba.