Ƙarangiyar Iya a Kan Allo

Ranar da Malam Sabi'u ya tare ni a bakin makaranta, hannuwansa duk baƙin mai, na san ba gaisuwa ce ta kawo shi ba. Mai gyaran adaidaita sahu ne a Gyadi-Gyadi, ɗansa Auwalu kuma yana ajina, aji huɗu, a wata firamare da ke Tarauni inda nake koyar da lissafi.

"Malama, na yanke shawara," in ji shi. "In wannan zangon ma ya faɗi lissafi, cire shi zan yi ya dawo gareji. Kullum in na tambaye shi ko ya gane karatu, sai ya ce ya gane. Sakamako ya zo, jan biro ko'ina. Wallahi faɗuwar ba ta ƙona min rai kamar ƙaryar."

Na ba shi haƙuri, na roƙe shi ya bar min yaron zuwa ƙarshen zango. Gareji ba abin kunya ba ne, amma Auwalu yana son makaranta, shi ne farkon zuwa, shi ne monita. Abin da ya ɗaure min kai, duk sanda na gama darasi na ce "Kun gane?", muryarsa ce take fara tashi: "Mun gane, Malama." Sauran su amsa a bayansa kamar masu amshin waƙa. Na koma gida da wannan a raina, kuma tun a cikin adaidaita tunanin kakata ya faɗo min.

Iya muke ce mata. A gidanta na girma, can cikin lungunan Gyadi-Gyadi, tun unguwar ba ta cika maƙil haka ba. Gida ne na ƙasa mai faɗin tsakar gida, da bishiyar darbejiya da murhu a gindinta. Wutar lantarki kuwa baƙuwa ce, ta leƙo ta gaishe mu ta wuce. Da an idar da sallar isha'i, an kwashe tuwo, sai garwashi ya rage a murhu yana ja. Iya ba ta yarda a kashe shi. Takan binne dankali a cikin toka, ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, ta miƙe ƙafafu wajen ɗumin saboda ciwon gwiwa. Mu jikoki da 'ya'yan maƙwabta mu zagaye ta a kan tabarma, daga nesa ana jin gurnanin manyan motoci a titin Zariya.

Iya mace ce mai baki. Ba ta da tsawo, amma in ta harare ka sai ka ji kamar ka aikata laifin da ba ka ma sani ba. Jikokinta maza duk angwayenta ne, kullum tana musu gorin ba sa kawo cefane. Ko tatsuniya ba ta buɗe ta yadda kowa yake yi. Sai ta yi gyaran murya ta ce, "Ga wata baƙuwa a soro, a shigo da ita ko a sallame ta?"

Mu ce, "A shigo da ita, Iya."

"To, wanda ya yi gyangyaɗi ba shi ba dankali."

Tatsuniyoyinta da yawa sun zube min a hanya, amma ta rigar mai gari tana nan daram. Wai an yi wani mai gari, mutumin kirki, sai dai Allah ya ba shi murya kamar aradu da ido kamar na shaho. Duk Juma'a bayan an sauko, yakan tara jama'a ya ce, "Akwai mai damuwa?" Su kuma su sunkuyar da kai su ce, "Babu, ranka ya daɗe, lafiya lau muke." Ya koma gida yana murna. Amma garin sai raguwa yake. Yau a wayi gari gidan wane babu kowa, gobe maƙeri ya ɗaure kayansa a jaki ya yi gaba. Mai gari ya rasa gane kan abin, har ya daina cin abinci.

Mahaifiyarsa, wata tsohuwa, ta kira shi ta nuna masa akuyarta da ta dawo daga kiwo, jikinta duk ƙarangiya. A nan Iya takan canza murya ta koma ta tsohuwar, tana karkarwa: "Kai wane, akuyar nan ba ta magana, amma na san inda ta je. Jama'arka ma bakinsu ne ya ɗaure. Ka ba su abin da zai yi magana a madadinsu."

Sai aka rataye babbar rigar mai gari a jikin tsamiya a bakin kasuwa, aka yi shela. Wanda damuwarsa ta gona ce ya manna ƙarangiya a hannun riga. Wanda tasa ta tsaro ce ya manna a baya. Wanda tasa ta ruwan sha ce ya manna a wuya. Mai gari ya sa aka shimfiɗa masa buzu a gindin tsamiyar, ya zauna yana jira. Har rana ta faɗi ko ƙarangiya ɗaya ba a manna ba, kowa ya zo sai ya faɗi ya yi gaisuwa ya wuce. Tsohuwa ta ce, "Ai kai ne dodon. Tashi ka ba mutane wuri."

Ya tashi ya shige gida. Da gari ya waye aka kawo masa rigar, hannu fes, baya fes, wuya kuwa ba masaka tsinke. Ashe rijiyar garin ce ta yi ɗaci, yara suna ta ciwon ciki. Mahaifin mai gari ne ya haƙa ta, shi ya sa babu wanda ya iya duban idonsa ya ce rijiyar babanka ta lalace. Gara mutum ya bar garin da ya yi wannan rashin kunyar. Aka haƙa sabuwa, waɗanda suka tafi suka dawo.

Na tuna wani yayanmu ya taɓa katse ta: "Iya, to wa ya fara mannawa?"

"Oho. Mai gari bai tambaya ba, kai ne za ka tambaya? Da ya tambaya da an sake komawa gidan jiya." Ta tono dankali ta jefa masa da zafinsa. "Baƙuwa ta tafi, wuta ta mutu, kowa ya nemi makwancinsa."

A lokacin abin da ya fi burge ni shi ne yadda take kwaikwayon kukan akuyar. Sai da na zama malama, na shekara da shekaru ina tsayawa gaban allo, sannan na ga ashe ni ce mai garin. Yaron da aka rena a kan kada ya musa wa babba, yaya za a yi ya ɗaga hannu ya ce wa malamarsa bayaninta bai shiga ba? A ganinsa rashin ladabi ne, ga kuma dariyar 'yan aji.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, a lokacin tana shirin wata jarrabawa. Ɗakinta ko'ina 'yan takardun nan ne masu gam a baya, launin ɗorawa, ta manna a bango, a madubi, har a murfin firji. Na ɗaga ɗaya na cire, na sake mannawa, ta zauna. Na yi dariya ni kaɗai. Na roƙe ta ta sam min, ta ba ni tana mita wai malaman makaranta ba su san abu da tsada ba.

Washegari na rubuta lissafin ɗebewa a allo, irin mai aro, na jera aikin layi-layi tun daga sama har amsa. Na raba wa kowane yaro takarda ɗaya.

"Kada wanda ya rubuta sunansa," na ce. "Kowa zai manna tasa. In ka gane duka, ka manna a kan amsa. In akwai layin da ka ɓata, ka manna a daidai wurin. Ni zan fita."

"Malama, ba duka?" wata yarinya ta tambaya.

"Wa zan daka, allo?"

Na fita baranda na juya musu baya. Na ji shiru, sai ƙus-ƙus, sai kuma ƙarar benci da rububi. Ina tsoron in koma in tarar da duka a kan amsa. Da na shiga sai na tsaya cak. 'Yan kaɗan ne a kan amsa. Sauran duk sun taru a layi ɗaya, wata kan wata, har rubutun ya ɓace: wurin da ake aro alhali lambar da ke kusa sifili ce. Ajin da ya yi wata guda yana ce min ya gane ke nan. Yaran suka yi tsuru-tsuru suna jiran faɗa. Ni kuwa daɗi ne ya kama ni har na tafa hannu, na ce yau kun yi min magana.

Daga ranar muka tare a wannan layin. Na sa aka kawo tsinken tsintsiya muka ɗaure goma-goma, muna kwancewa muna ɗaurewa. Kullum kafin a tashi in fita baranda, kowa ya ɗauki takarda ya matsar da ita inda ya kai. Abin da ya sa na ƙaunaci takardun ke nan, ba sa kafewa wuri ɗaya kamar jan biro. Yaro yana gani da idonsa cewa rashin ganewar jiya ta gusa. Suka riƙa gangarowa kaɗan-kaɗan, har allon ya yi ɗorawa daga ƙasa.

Ɗaya ce ta ƙi motsi. Ta yi dauɗa, gefenta ya nannaɗe, gam ɗinta ya mutu, amma kullum tana nan a layin sifili. Ranar da ta faɗo, na dawo na tarar an mayar da ita da cingam. Yara suka fara tsokana: "Malama, a binciko mai ita." Na ce duk wanda ya bincika shi zai share aji har hutu. Raina yana so in sani, ba zan ɓoye ba, amma na danne. Na ci gaba da maimaita layin kullum ta wata sabuwar hanya, kamar ban san saura mutum ɗaya ba.

Wata safiya na ga an yi rubutu a jikinta da fensir: "Yaya za a ari abu a wurin wanda ba shi da komai?" Rubutun kamar kaza ta yi tsere a kan takarda, kuma a ajin mutum ɗaya ne ke da irin wannan hannun, monita. Ban kalli inda yake ba. Na karanta tambayar a fili na ce tun da na fara koyarwa ba a yi min mai kyanta ba, kuma da gaske nake.

"In kin je aron gishiri gidan maƙwabciya ba ta da shi, amma ba ta son ki koma hannu rabbana, me za ta yi?" na tambayi yarinyar nan mai tsoron duka.

"Sai ta shiga gidan gaba ta samo, ta ɗiba ta ba ni."

"To haka sifili yake yi. Ya je gaba ya samo goma, ya ba ki ɗaya, ya rage da tara."

Ban rufe baki ba na ji benci ya motsa. Auwalu ne ya miƙe, ina tsaye, kowa yana kallo. Ya zo ya ɓamɓare takardar da cingam ɗinta, ya ɗauki alli ya yi lissafin tun daga sama, ya manna ta a kan amsa. Ya juyo ya ce, "Tawa ce." Babu wanda ya yi dariya. Aji ya ɗauki tafi, ni kuma na juya wajen taga don kada su ga idona.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar Iya gargaɗi ce ga masu mulki. Yanzu na fi ganin ta a matsayin tausayi ga masu kunya. Mutanen garin nan ba maƙaryata ba ne, ladabi ne ya yi musu yawa har ya kusa kashe su da ƙishirwa. Iya ba ta taɓa shiga aji ba, Allah ya jiƙanta, amma ta san cewa kafin mutum ya iya faɗin gaskiya da bakinsa, sai an fara ba shi inda zai ajiye ta ba tare da an gan shi ba.

Auwalu ya ci lissafi a wannan zangon, ci mai kyau. Ranar ba da sakamako Malam Sabi'u ya zo da kansa. Ya juya takardar gaba da baya, fuskarsa ba yabo ba fallasa, sannan ya dubi ɗansa.

"Yanzu duk ka gane karatun?"

Yaron ya dubi babansa. "Ɗebewa na gane, Baba. Rabawa da muka fara, ban gane ba tukuna."

Na fara shirya wa uban kalaman ban haƙuri. Sai ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya dafa kan ɗansa da hannun nan mai baƙin mai.

"Malama, a garejina yaron da ya iya cewa bai gane ba, shi kaɗai nake bari ya taɓa inji. Ki riƙe shi. Yaushe ake komawa?"