Bakina ne ya kori Malam Habibu

Ni ne na yi kuskure, ba Malam Habibu ba. A wannan watan yake cika shekara bakwai da rasuwa, kuma sai bana na iya faɗin haka a gaban mutane.

Garinmu ɗaya da shi a Arewa. Na riga shi zuwa Legas, ina fawa a mayankar Agege, shi ya sa yake ce mini Yaya, ko da yake ya fi ni karatu nesa ba kusa ba. Ni firamare ma ban gama ba. Shi kuwa yana koyarwa a Islamiyyar unguwarmu, kuma shi ya fara sa yara su yi ɗan wasan kwaikwayo ranar walimar ƙarshen shekara. Yakan ce yaron da aka haifa a Agege Yarbanci ya fi yi masa sauƙi a baki, amma in ka ba shi maganar da zai faɗa a gaban uwarsa da ubansa, to dole ya gyara Hausarsa.

Ina cikin kwamitin iyaye a lokacin. A wani zama, ni da kaina na kawo shawarar a daina haɗa maza da mata a wasa ɗaya. Na ce 'yan mata su tsaya ga rera ƙasida, wasa kuma a bar wa maza. Aka amince, har ana ce mini sannu da kishin addini. Ban tsaya na tambayi kaina wa zai fito a matsayin uwa ba in labari ya zo da uwa a ciki.

Ranar walima aka kafa rumfa a kan layi, aka jera kujerun roba. Na gayyato abokan sana'ata saboda ɗana Nasiru yana cikin masu wasa, lokacin bai wuce shekara goma ba. Ina zaune a sahun gaba sai ga wata 'yar mata ta fito da zane da ɗankwali, goye da 'yar tsana, tana jijjiga ta tana roƙon mijinta ya bar hirar teburin mai shayi ya raka ta asibiti, jikin jariri ya yi zafi. Mata suka ɗauki shewa. Sai da ta yi magana ta biyu na gane muryar. Nasiru ne.

Wanda ke kusa da ni ya sunkuyo ya ce, “Oga, ashe mace ka haifa kake ɓoye mana? Mu fara kawo gaisuwa ke nan?”

Ban san lokacin da na hau dandamalin ba. Na fizge ɗankwalin, 'yar tsanar ta faɗi, na karɓe makirufo daga hannun yaron da ya fito a miji. Abin da na ce shi ne, “Malam Habibu, mun ba ka yara ka koya musu Alƙur'ani, kai kuma kana mayar mana da su 'yan daudu.” Lasifika biyu aka ɗaura a ranar, ɗaya tana fuskantar titi.

Da yamma ya zo har ƙofar gidana. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Yaya, ku kuka ce kada a sa 'yan mata, wasan kuma da uwa a ciki. Wa zan sa? Nasiru na zaɓa don ya fi kowa riƙe magana.” Na ce ya bar mini ƙofar gida. Kafin a dawo daga hutu iyaye sun fara janye yaransu daga ajinsa, kwamiti ya ce ya ɗan dakata har ƙura ta lafa. Ba a sake kiransa ba. Ya koma rubuta wa dillalan albasa kaya a kasuwar Mile 12, yana fita da asuba yana bin motocin haya na danfo. Shekara uku yana haka, ciwon ƙirji ya kama shi, ya rasu a asibiti a Idi-Araba. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Na yi wa matarsa gaisuwa kamar kowa, na koma rumfata ta nama.

Ina yawan tunanin me Malam Habibu zai ce da ya ga yau. A mayanka yanzu, in aka gama fiɗa, samari da dattawa kan taru a kan waya ɗaya suna kallon yara maza sun ɗaura ɗankwali suna kwaikwayon faɗan iyayensu mata, ana dariya har da hawaye. Wanda ya tsokane ni a ranar walima shi ya fi kowa tura irin wannan bidiyo. Ni ma na yi dariyar, ba sau ɗaya ba. Nasiru kuwa yana aiki a wata masana'anta a Ilupeju, mutum mai shiru-shiru, ko a ɗaurin aure ba ya yarda a miƙa masa makirufo. Uwarsa ta taɓa gaya mini kwana da kwanaki ya yi yana bin ta a tsakar gida yana koyon yadda ake ɗaura goyo, yana cewa kada a gaya wa Baba, so yake ya ba ni mamaki.

Duk wannan bai motsa ni ba. Abin da ya motsa ni ya faru ne bayan ƙaramar salla ta bana. Wani dattijo ya zo rumfata daga Ojota, ya ce ɗan ƙaninsa ne ke neman auren Rukayya, 'yar marigayi, sun zo binciken asali kamar yadda aka saba. An ce masa ya neme ni, tunda ni ɗan garinsu ne kuma na daɗe a unguwa.

Ya rage murya ya ce, “Alhaji, tsakani da Allah nake so ka gaya mini. An ce uban yarinyar nan kama shi aka yi yana lalata yara maza a makaranta, har wani uba ya tona masa asiri a bainar jama'a. In haka ne, mu janye tun ba a yi nisa ba.”

Wuƙa na hannuna, sai na ajiye ta. Ban taɓa cewa lalata ba. Amma maganata ce, ita ce ta yi shekara goma tana yawo daga Agege zuwa Ojota, kowane baki na ƙara mata nasa, har ta dawo ta same ni ban gane ta ba. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa yaro bulala da fushi ba, ga abin da ake kiransa da shi yana kabari, ga kuma 'yarsa za ta biya.

Na ce, “Baba, uban da ake faɗa ni ne. Kuma ba abin da aka kama shi da shi sai bin dokar da ni na kawo.” Na kwashe komai na gaya masa. Da na gama ya ce, “To ai ni kaɗai na ji wannan. Waccan kuwa da lasifika ka faɗe ta.”

Ranar Juma'a bayan la'asar na roƙi liman ya ba ni makirufon masallacin unguwa. Na faɗi abin da na yi, da dokar da na kawo, da abin da marigayi ya zo ya ce mini a ƙofar gida. Wasu suka sunkuyar da kai, don da su aka yi zaman kwamitin. Dattijon na nan a sahu na biyu. Mako na zagayowa danginsa suka kawo kayan gaisuwar auren Rukayya.

Abin da ya rage na Malam Habibu a unguwar nan yana bakin samarin da ya koyar. In ka ji ɗan Agege yana Hausa tsaf ba gargada, tambaye shi ajin wa ya zauna. Sunansa kuwa ni na ɓata, kuma ban san ko na iya wanke shi duka ba.

Gidan matarsa ne ya fi yi mini wuyar zuwa. Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma a soro, ita tana bayan labule. Ta ce, “Baban Nasiru, na ji abin da ka yi a masallaci. Ka san har ya rasu bai yarda a zage ka a gidan nan ba? Kullum sai ya ce Yaya zai zo.”

Na ce, “Maman Rukayya, na zo, amma na makara. Na yi wa mijinki ƙazafi don kada mahauta su yi mini dariya. Na raba shi da aikinsa, na bar ku da abin kunyar da ba naku ba, ina gani na yi shiru. Hakkinsa sai mun haɗu gaban Allah. Naki da na Rukayya nake roƙo. Don Allah ku yafe mini.”