Kanwa a Ruwan Jatan Lande

Shekarar da na bar aiki a Kribi ta bakin teku na dawo gida Garoua, na taho da akwatin gilashi da buhun gishirin teku da 'yan jatan lande jajaye, masu farin zane a baya. Kowa a unguwarmu Djamboutou ya ce na haukace. Ga kogin Benuwe cike da kifi, ni kuwa sai na haɗa teku a falo. Ban kula su ba. Na haɗa ruwan, na bar shi ya kwanta makonni kamar yadda aka koya mini, jatan landen suna jira a bokitin ruwan tekun da na taho da su, sannan na saka su.

Ba a jima ba suka fara mutuwa. Sai in tashi in ga ɗaya ta kife a ƙasan yashi, ƙafafu a sanƙare. In na tsoma ma'aunin gishiri sai in ga ya haura, alhali ruwa zalla nake ƙarawa duk lokacin da zafin Garoua ya shanye wani. Ruwan ma ya fara yin hazo-hazo. Na ce ruwa ba ya tsami banza.

Ni mutum ne mai zargi, haka Allah ya yi ni. Na fara da mutumin Douala da ya sayar mini da gishirin, na kira shi na wanke shi tas. Na koma kan maƙwabciyarmu, wadda ta leƙa akwatin ta yaba ba ta ce tubarkalla ba. Daga nan na dira kan matata, don tun farko ta ce kuɗin wutar injin da ke hura wa akwatin iska ya ishe ta.

"Maman yara, ke ce ke fesa maganin sauro a falon nan?"

"Ban fesa ba, Maigida."

"To wa ke taɓa mini ruwa?"

Ta ci gaba da tsince shinkafarta. Hakan ya ƙona mini rai, har na yi kwanaki ina amsa gaisuwarta da ka.

Mutum ɗaya ne bai zo mini a rai ba, mahaifina. Tsohon dillalin shanu ne, yana da nasa garken kafin ciwo ya cinye rabi, ya sayar da sauran. Tun lokacin yake kwance a tabarma a zaure, salla kaɗai ke tashe shi.

Saura biyu suka rage ranar da aka ɗauke wuta a sabon wurin aikina na dawo bayan azahar. Na tarar da murfin akwatin a jingine da bango. Baba na tsaye a kai, yana murza wani abu da yatsu, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci, irin muryar da yake lallashin maraƙi da ita. Jar kanwa ce da gishirin shanu.

"Baba, me kake zuba musu?"

"Dabbobin nan naka sun rame," in ji shi. "Har hanjinsu ana gani. Dabbar da ba ta lasar kanwa ai ba ta yin ƙiba. Kai boko ya hana ka sani."

Na fita tsakar gida na sami matata.

"Dama kin sani?"

"Na sani. Kullum in ka fita sai ya tashi ya ƙirga su. Yaushe rabon da ka ga Baba ya miƙe don wani abu? Na ce gara ka yi fushi da ni."

Kunya ta rufe ni, ga tausayin tsohon, ga na halittun da ba su ci ba ba su sha ba. Na canza ruwan kaɗan-kaɗan. Na zana layi a jikin gilashin, na ba Baba buta, na ce tasu kanwar tana cikin abincinsu, shayarwa ce ta gagare ni: duk sanda ruwa ya sauka ƙasa da layin, ya cika da ruwa zalla.

Ɗaya ta mutu duk da haka. Ɗayar ta rayu, ta yi saɓa, ta ƙara girma. Ranar da Baba ya kwanta ciwon ajali, na sunkuya in ji wasiyya, sai ya ce, "Ka shayar da ita yau?"