Ranar da Ƙafafuna Suka Shiga Layin Masu Juna Biyu

Shekarun baya, wata Talata, na zauna a bencin wani asibiti a Kaduna, warin maganin goge daɓe yana shigar mini har maƙogwaro. Har yau in na shaƙi irinsa sai na tuna wannan benci.

Tun ina ƙarama, in na daɗe a zaune na zo tashi, ƙafafuna sai su sandare kamar itace, sai na yi taku huɗu ko biyar su saki. In na durƙusa gaida manya, a gama gaisuwa har a tambayi mutan gida, ni ina nan ƙasa. Tsofaffin unguwarmu a Birnin Gwari suna ta yabon ladabina, alhali ƙafa nake lallashi. Abin da ban faɗa wa kowa ba, na sa a raina wata rana za su sandare su ƙi saki. Har waƙar bankwana na rubuta wa hanyar makarantarmu.

Da na faɗi ƙasa a bakin aji, mahaifiyata ta ce sai Kaduna. Muka ratsa dajin nan, mota tsit, kowa da addu'arsa. Likita ta sa na dunƙule hannu in buɗe. Yatsun suka ware ɗaya bayan ɗaya, kamar masu jin kunya. Ta tura mu ɗakin sikanin.

A wajenmu sikanin na masu ciki ne, kuma su muka tarar a layin. Mahaifiyata ta ja mini mayafi.

"Rufe fuskarki. In ɗan garinmu ya gan ki a nan, kafin mu koma an raɗa wa jariri suna."

Wata mai tsohon ciki ta matsa mini na zauna. "Amarya, wata nawa?"

Na ce, "Yaya, ƙafa ce."

"Ni ma da ƙafar ya fara mini."

A ciki likitar ta shafa mini wani abu mai sanyi da yauƙi a cinya, ta ɗora na'urar. Naman ya fito a allo layi-layi, kamar kunyoyin gona bayan huɗa. Ta ƙwanƙwasa wurin, na ga ya tattare, sannan ya sake a hankali.

"Kin gani, 'yata? Naman cike yake, bai zube ba. Saki ne kawai ke yi masa nawa."

"Likita, zan daina tafiya?" Ranar na fara faɗin maganar da baki.

"Sai na ga gwajin jini kafin in tabbatar. Amma mai kwantar da mutum ba haka ya saba fitowa ba. Wannan gadonsa ake yi. Akwai mai shi a gida?"

"Mu dai ba mu san shi ba," in ji mahaifiyata.

Gwajin ya tabbatar da maganarta. Aka ba ni magani, aka koya mini in motsa ƙafa kafin in miƙe. Abin bai rabu da ni ba, amma tsoron ya tafi. Ashe tsoron ya fi ciwon nauyi.

Sai bara mahaifina ya gaya mini abin da ya sa kullum shi ne na ƙarshen fita daga masallaci. Ba lazimi ba ne ke zaunar da shi, ƙafafunsa yake jira. Ya haura sittin, kuma har yau da kansa yake huɗar gonarsa.