Awon da Na Yi Bayan Asuba

Komai zai iya shige mini, ban da makon da aka sa mu awon intanet. Lokacin ina kula da cibiyar kwamfuta ta wani Alhaji a Ƙanƙara, inda ɗalibai ke rubuta jarrabawa. Yana da wasu biyu a Faskari da Sabuwa, kuma yana neman wanda zai ɗora a kan duka ukun. Ni na riga kowa fara aiki, amma kullum bakin Alhaji na kan mai kula da ta Faskari, wani abokin karatuna ɗan Mairuwa. Da an yabe shi sai abinci ya fita raina. Hassada ce tsagwaronta, yanzu ba na jin kunyar faɗa.

A takardar yarjejeniyarmu da kamfanin intanet, an rubuta iyakar lokacin da saƙo zai ɗauka ya je ya dawo. In ya wuce haka, dole su zo su gyara. Alhaji ya ce kowa ya auna na mako guda, ya sa hannu, ya kawo.

Abokin nawa ya kira ni. "Mutumina, kai ne babba. Wane lokaci zan riƙa aunawa?"

"Da rana tsaka, musamman ranar kasuwa," na ce masa.

Na san abin da nake yi. A lokacin 'yan hatsi da dillalan shanu duk suna kan waya, layi ya cushe, awonsa zai fito da muni. Ni kuwa daga masallacin asuba nake zarcewa in auna, gari shiru, saƙo ya je ya dawo kafin ƙiftawar ido.

Da muka kai takardu, Alhaji ya duba tawa ya ce madalla. Ya duba tasa, ya ɓata rai. "Mi ke nan? Ashe haka kamfanin ga ke muna?" Kafin mako ya zagayo an gyara na Faskari. Ni kuwa injiniyan kamfanin ya nuna mini sa hannuna, ya ce nawa lafiya lau yake.

Jarrabawa ta faɗo ranar kasuwa, da hantsi. Kwamfutocina suka yi ta juyi. Wata ɗaliba ta ɗago da hawaye, ta ce, "Malam, lokaci na tafiya, tambaya ta ƙi buɗewa." Sai da aka kwashe ɗaliban a mota zuwa Faskari.

Washegari Alhaji ya tara mu, ya tambaye ni lokacin da na yi awona. Ina ta kame-kame, abokina ya yi wuf don ya cece ni. "Alhaji, a yi mashi haƙuri. Wallahi shi ne ma ya koya mani lokacin da ake awo."

Alhaji ya juyo ya dube ni. "Ashe ka sani."

Abokin nawa aka ɗora a kan cibiyoyin uku, kuma har gobe yana gode mini. Tun daga ranar na gane cewa wanda ya tsaya auna rabon wani, nasa ne yake lalacewa a bayansa.