Gutsattsarin da Na Hana a Goge

Abin da zan faɗa ya faru damina biyu bayan munka baro Zugu, shekara guda bayan an maido da sabis ɗin waya da anka kashe mana. In kuma da shekarar gubar dalma za a auna, sa'ad da anka riƙa kwasar yara daga Tungar Guru da Duza zuwa asibiti, to jikata wadda ke riƙe da biro yanzu ba ta ko fara famfara ba a lokacin. Ni ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin na gaza kowa ba. Ni ke faɗa, ita ke rubutawa, kuma na gaya mata in ta rage mini kalma ɗaya zan sani.

Ubanta shi ne ɗana na fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. Ana yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi, ya tashi yana ce mini Adda kamar yadda ya ji ƙannena na faɗa. Ya yi karatu, ya zama malamin firamare, ya sayi kwamfuta irin mai buɗewa kamar littafi. Rani biyu a jere, duk Juma'a bayan an sauko masallaci, sai ya zo ya ɗora ta bisa turmin da ya kifa, ya juyo da idonta wajena, ya ce, "Adda, zuba." Ni kuwa in zuba. A Zugu ba a yi macen da ta kai ni baki ba, wannan ko maƙiyina ya sani. Tatsuniya, waƙar niƙa, waƙar daɓe, tarihin wa ya haƙa wace rijiya, duk ya kwashe, murya da hoto.

'Yan bindiga sunka tare su a hanyar kasuwa, shi da abokan tafiyarsa, bai dawo ba. Ba zan faɗi fiye da haka ba.

Da munka gudo Bukkuyum, kwamfutar na cikin adakata, naɗe cikin zane. Ba mai taɓa ta. Sai ga jikata ta gama sakandare tana son makarantar ungozoma. Takardar haihuwarta da ta firamare da ta shaidar asalinta duk sun ƙone tare da ɗakinmu, amma ta ce uban ya taɓa ɗaukar hotonsu ya adana cikin kwamfutar. An gwada cika fom ɗin makarantar da waya, ya ƙi. Kullum ana cewa gobe, ranar nan babu sabis, ranar can an ce hanya ba kyau, har anka wayi gari ranar ce ta ƙarshe, ƙarfe huɗu na yamma za a rufe. Wanda bai shiga ba sai baɗi, kuma ni na san abin da shekara guda ke yi wa yarinyar da ke zaune a gidan aro ba aikin fari ba na baƙi.

Na ce Gummi za mu, kuma ƙafata ƙafar kwamfuta. Mai babur ɗin da ya ɗauke mu maƙwabcinmu ne tun Zugu. Tun kafin ya tayar ya ce, "Goggo, ni dai ana kiran la'asar na juyo, da ku ko ba ku. Kin san hanyar."

"Na san ta tun uwarka na tallar fura," na ce. "Ja mu."

Shagon da munka je ɗaki ne guda, janareta na ta ɓarin baki a ƙofa. Kwamfutar shagon ɗaya ce, bayanta layin samari da 'yan mata har bakin titi, kowa da irin buƙatarmu. Mai shagon wani siriri ne da ya zo daga gabas haƙar zinari a wajen Anka, ƙirji ya hana shi, ya koma gyaran waya da kwamfuta. Ya dubi layin, ya dubi rana, ya ce layi ba zai kawo kanmu ba ko da gudu. Amma tunda mun zo da tamu, zai jona mana sabis mu yi a gefe.

Na warware zanen da hannuna. Ya sa mata wuta, ya danna.

Munka zauna. Fuskarta ta yi haske, sai wani ɗan zobe ya fito yana juyawa kamar akuyar da anka ɗaure a turke. Ya juya, ya juya. Wata yarinya a layi ta gama nata ta fita, wata ta zauna, tamu ba ta gama buɗe ido ba.

"Kaka, wannan ai ta girme ki," in ji wani saurayi daga layi.

"Ta girme ni, amma ba ta kai ubanka nawa ba. Na ga ranar da anka aike shi gishiri ya dawo da azumi."

Anka yi dariya, ni ban yi ba. Inuwar rumfar shagon ta riga ta taƙure, azahar ta gabato.

Mai gyara ya kwance bayanta, ya hure ƙurar da ta toshe 'yar fankar ciki. Ya ce akwai abubuwa da yawa da ke tashi tare da ita in an kunna, kamar 'yan rakiyar da ba a gayyata ba, ya kashe su ɗaya bayan ɗaya. Ya sake kunnawa. Ta ɗan fi sauri, har jikata ta samo takardunta ta buɗe fom. Amma in ta danna harafi, sai ka yi salati uku kafin ya fito. Da ta zo ɗora hoton takardar farko, kwamfutar ta sandare. Ba gaba, ba baya.

Anka kira azahar. Munka yi salla a bayan shago, ban san abin da na karanta ba.

Da munka dawo ya nuna mana wani layi ja a fuskarta, ya cika daga wannan baki zuwa wancan. "Kaka, kin ga matsalar. Cikinta ya cika har wuya, ko wurin juyawa ba ta da shi. Bidiyo ne fal. Sai an rage."

"Muryata ce," na ce.

Jikata ta ce a kwashe a zuba wani wuri tukuna. Ya kawo wani ɗan abu kamar yatsa ya soka, ya gwada. Kwamfutar ta yi lissafinta ta ce sai bayan awa tara. Ya zare ya ajiye. Gogewa kuwa, in ji shi, ƙiftawar ido ce, amma abin da ya tafi ya tafi.

Ya duba ya ce hanya biyu ce. Akwai manya guda huɗu, dogaye, kowane ya kai tsawon yammaci ɗaya na zance. Akwai kuma gutsattsari da yawa, gajeru, waɗanda ba a kai ƙarshe ba. Ko a goge manyan huɗu, ko a share gutsattsarin gaba ɗaya, nauyinsu kusan ɗaya ne.

Jikata ta karanto sunayen manyan kamar yadda uban ya rubuta. Labarin rijiyoyin Zugu da gidajen da sunka haƙa su. Waƙar daɓe tun daga farko har ƙarshe. Tatsuniyar matar da ta jinginar da inuwarta. Da kuma zuriyar gidanmu har kaka tara. Waɗannan su ne ni. Ranakun da na yi su, bakina na kaina, ko tari ban yi ba. Maƙwabta sunka cika tsakar gida, ba mai motsi.

"A share gutsattsarin," in ji jikata da sauri. "Ai kurakurai ne, Kaka. Inda kika manta, inda akuya ta shigo."

Mai gyara ya riga ya shafa su duka sun yi shuɗi, yatsansa na bisa madanni.

"Ɗaga hannunka," na ce.

Ga abin da su ba su sani ba. A manyan nan huɗu, shi bai ce uffan ba. Na yi kyau har ya manta da bakinsa. A gutsattsarin ne yake magana. Nan ne nake tuntuɓe ya yi dariya, nan ne yake cewa, "Adda, ai makon jiya ba haka kika ce ba," ni kuma in ce wanda ya fi ni sani ya zo ya zauna bisa tabarmar. Kuma a cikinsu akwai ɗaya, ranar da hayaƙin murhu ya sarƙe ni ina tsakiyar waƙa. Ya taso da gudu, har ya ture turmin, ya ce, "Inna! Sannu, Inna, ga ruwa." Sau ɗaya kenan a duniya. Daga ni har shi munka yi kamar ba mu ji ba.

To ta yaya zan faɗi wannan a shago cike da 'ya'yan mutane? Macen da ta yi shekara arba'in da wani abu tana kawar da kai in ɗanta ya shigo, yau ta buɗe baki ta ce muryarsa take so?

"Goge manyan," na ce.

"Kaka!"

"Ba da ke nake ba. Malam, goge manyan. Suna nan cikin kaina, ba kwamfuta ta koya mini ba."

"Kaka, bara kin fara na rijiyoyi kika tsaya a ta huɗu. Da kunnena na ji."

Gaskiya ta faɗa, kuma a gaban mutane. Tun da munka baro Zugu abubuwa ke zubewa daga kaina kamar gero daga tsohon buhu. Na san in sun tafi, wasu ba za su dawo ba.

Mai babur ya leƙo. "Goggo, rana fa."

"Mun ji. Je ka duba tayarka."

Mai gyara ya dube ni ya ce, "Kaka, ki yi tunani. Waɗancan tarihi ne. Waɗannan kuwa, kin ga wannan ma cewa anka yi, wadda hayaƙi ya ɓata."

Ban san fuskata ta yi wani abu ba. Amma jikata na kallona, sai na ga ta sunkuyar da kai. 'Yar ubanta ce, ba a yi mata bayani sau biyu. Ta ce a hankali, "Malam, yi yadda ta ce."

Ya danna. Kwamfutar ta tambaya ko da gaske muke, ya sake dannawa. Ko ƙara ba ta yi ba. Rijiyoyin Zugu da kakannina tara sunka wuce kamar an hure fitila. Layin nan ja ya ja da baya, ya koma shuɗi.

Ya kashe ta ya kunna. Zoben ya juya sau kaɗan ya ɓace. Jikata ta ja kujera, ta soma daga farko. Harafi na fita tana dannawa. Takarda ta ɗaya ta hau. Ta biyu ta hau. Ana kan ta uku janareta ya yi tari, kowa a shagon ya ce innalillahi, sai ya kama ya ci gaba. Ni dai idona na kan inuwar rumfa, ta miƙe ta haye kwata. Ta uku ta hau. Ta danna wani wuri, munka jira, sai ga wata takarda ta fito da hotonta a kusurwa. Mai gyara ya duba agogo ya ce saura kwata a rufe.

Ladan na ɗaga murya muna hawa babur. Kwamfutar na cinyata cikin zanenta. Har munka shiga Bukkuyum kowa idonsa na kan daji.

Ta samu makarantar. Ni kuwa na gwada maido da abin da anka goge. Tatsuniyar inuwa ta dawo duka. Waƙar daɓe ta dawo ba tsakiya. Rijiyoyi bakwai ne, biyar nake iya kawowa. Kakanni kuwa ina tsayawa a na shida, kuma ba sauran wanda zan tambaya. Wadda hayaƙi ya ɓata tana nan. In jikata ta zo hutu takan kunna ta, ta ce za ta ɗebo ruwa, ta daɗe ba ta dawo ba.

Cikin waɗanda sunka cika tsakar gidana ranar labarin rijiyoyi, mu uku munka rage: ni, da matar ƙanen mijina da ke Anka wadda kunnenta ya tafi, da wata Bafulatana mai kawo mana nono, an ce tana wajen Gummi da jikokinta. Mai babur Allah ya yi masa rasuwa bara, zazzaɓi ne, a kan shimfiɗarsa. Mai gyara na nan da tarinsa, an ce kwamfutarsa ta zama uku.